Lloyd Shapley: yaya masanin lissafi ya ci Nobel ta tattalin arziki da takardar haɗa aure?

Ɗalibar_Lissafi:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman bayani kan Lloyd Shapley, Ba'amurken da aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012 tare da Alvin Roth. An ce shi da bakinsa ya faɗa cewa bai taɓa zama ajin tattalin arziki ba, kuma wai takardar da ta jawo masa kyautar a kan haɗa aure take magana. Wane ne shi, a ina ya yi aiki, kuma mene ne ainihin abin da ya gano? In da hali a nuna mini matakan da misalin da zan iya bi da biro da takarda, don in dai ka'idar wasanni ce, sunan Nash kawai ake ta ambata.

MaiAlli:

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar haka take, ya faɗe ta ga 'yan jarida ranar da aka sanar da kyautar: shi masanin lissafi yake ɗaukar kansa.

An haife shi ranar 2 ga Yuni 1923 a Cambridge ta jihar Massachusetts. Mahaifinsa, Harlow Shapley, masanin taurari ne, kuma shi ke shugabantar cibiyar duban taurari ta Harvard a lokacin. Lloyd yana tsakiyar karatu a Harvard aka ɗauke shi soja a 1943, aka tura shi Chengdu a ƙasar Sin tare da rundunar sama. A can ya warware lambobin sirrin da Tarayyar Sobiyet ke aika rahoton yanayi da su, aka ba shi lambar yabo ta Bronze Star. Bayan yaƙi ya koma ya ƙarasa digirinsa na lissafi a 1948, ya yi shekara guda a RAND, cibiyar bincike da ke Santa Monica a Kalifoniya wadda rundunar saman Amurka ke ɗaukar nauyinta, sannan ya wuce Princeton. Ya gama digirin digirgir a 1953 a hannun Albert Tucker, malamin da ya yaye David Gale a 1949 da John Nash a 1950.

A nan ne za ki ga inda hanyarsa ta rabu da ta Nash. Littafin von Neumann da Morgenstern na 1944 shi ya kafa fannin, wato lissafin yanke shawara a inda abin da za ka samu ya dogara da abin da wasu suka zaɓa. Sun yi maganin wasan mutum biyu da ribar ɗaya asarar ɗaya ce. Da mutane suka wuce biyu sai abin ya cakuɗe. Nash ya kama ta ɓangaren da kowa ke yin ta kansa ba alkawari. Shapley ya kama ta ɓangaren da mutane ke iya haɗa kai: wa zai haɗu da wa, kuma in an samu, yaya za a raba. A 1953 kaɗai ya fitar da takardu biyu da kowacce ta zama reshe mai zaman kansa, ɗaya kan rabon da yau ake kira ƙimar Shapley, ɗaya kan wasannin da ake yi zango-zango, inda zaɓin 'yan wasa da sa'a ke yanke wane zango za a faɗa gaba.

Daga 1954 zuwa 1981 yana RAND, shekara 27, ba a jami'a ba. Sai da ya kai shekara 58 ya zama farfesa a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, shekarar da aka ba shi kyautar John von Neumann. Yawancin manyan ayyukansa da abokan aiki ya yi su: Martin Shubik, Gale, Herbert Scarf, Robert Aumann. Nobel ta same shi yana da shekara 89. Gale, wanda suka rubuta takardar haɗa auren tare, ya rasu tun 2008, kuma ba a ba mamaci wannan kyauta, in ba haka ba da wuya a ce an tsallake shi. Shapley ya rasu ranar 12 ga Maris 2016 a Tucson, jihar Arizona, yana da shekara 92.

Sunan Nash ya fi yawo ne saboda labarin jinyarsa ya shiga duniya. A cikin gida lissafin daban ne. Aumann, wanda shi ma ya ci Nobel a 2005, ya ɗauki Shapley a matsayin wanda ya fi kowa a fannin.

Goggon_Aljabara:

Ƙanwata, ɗauko biron. Takardar Gale da Shapley ta fito a 1962 a mujallar American Mathematical Monthly, shafi bakwai kacal, kuma kusan dukkanta zance ne, ba alamomin lissafi ba. Auren misali ne kawai. Asalin tambayar ɗaukar ɗalibai a kwaleji ce, inda kowace makaranta ke da adadin gurabanta. Sigar aure ita ce wadda kowa gurbi ɗaya gare shi. Mai son ya sa mata huɗu a lissafin, to ya koma sigar kwaleji mai gurbi huɗu.

Ɓangarori biyu ne, kowa ya jera mutanen ɗaya ɓangaren daga wanda ya fi so zuwa ƙasa. Ana neman haɗin da ba zai wargaje ba. Abin da ke wargaza haɗi shi ne a sami biyu da ba a haɗa su ba, alhali kowannensu ya fi son ɗayan a kan wanda aka ba shi. Waɗannan za su zagaya ta bayan fage su daidaita. Haɗin da babu irin su shi ne tabbatacce, kuma abin da takardar ta nuna shi ne kullum akwai shi, ga kuma hanyar samo shi.

Ɗauki likitoci uku, A, B, C, da asibitoci uku, 1, 2, 3, kowane gurbi ɗaya. A yana son 1, sai 2, sai 3. B yana son 1, sai 3, sai 2. C yana son 2, sai 1, sai 3. Asibiti na 1 ya fi son C, sai B, sai A. Na 2 ya fi son A, sai C, sai B. Na 3 ya fi son A, sai B, sai C.

Dokar ɗaya ce ake ta maimaitawa. Duk likitan da ba shi da wuri ya nemi asibitin da ke saman jerinsa cikin waɗanda ba su sallame shi ba. Asibiti ya riƙe wanda ya fi so cikin waɗanda ke gabansa, ya sallami sauran. Riƙon na wucin gadi ne, ba a sa hannu sai an gama kaf.

Zagaye na farko, A da B sun nemi 1, C ya nemi 2. Na 1 ya riƙe B ya sallami A. Zagaye na biyu, A ya nemi 2, kuma na 2 ya fi son A, sai ya saki C. Na uku, C ya nemi 1, na 1 ya saki B. Na huɗu, B ya nemi 3, aka riƙe shi. Ba sauran mai nema: A yana 2, B yana 3, C yana 1.

Dalilin da ya sa ba ya wargajewa gajere ne. In likita ya fi son wani asibiti a kan wanda ya samu, to ya riga ya nemi wancan an sallame shi saboda wanda ya fi shi, kuma asibiti ba ya sakin mutum sai don wanda ya fi so, ba ya komawa baya. Kuma dole a tsaya, tunda ba mai neman wuri ɗaya sau biyu. Likitoci 1,000 da asibitoci 1,000 ba za su wuce nema miliyan ɗaya ba, abin da kwamfuta ke gamawa kafin ki sauke numfashi.

Yanzu sake misalin, amma a sa hannu tun zagayen farko. B ya sami 1, C ya sami 2, A ya je 2 ya tarar an rufe, ya ƙare a 3. Duba A da asibiti na 2: A ya fi son 2 a kan 3, na 2 ya fi son A a kan C. Haɗin ya ɓaci. Ga kuma wata illa: da A ya yi wayo ya rubuta 2 a matsayin zaɓinsa na farko, da ya samu. Wato tsarin karɓa nan take yana hukunta mai faɗin gaskiya. Jinkirta sa hannun nan shi ne dukkan dabarar.

ƊanRijista:

Goggo ta gama da yadda yake aiki. Ni inda yake cizo zan ƙara, don shi ne rabin Roth a kyautar.

Abu na farko, haɗi tabbatacce ba ɗaya ba ne, kuma wanda ke nema shi ke kwashe mai kyau. Likitoci biyu, asibitoci biyu. A ya fi son 1, B ya fi son 2, amma na 1 B yake so, na 2 kuma A. In likitoci ke nema, A ya sami 1, B ya sami 2, an gama a zagaye ɗaya. In asibitoci ke nema, sai akasin haka. Duka biyun tabbatattu ne. Gale da Shapley sun tabbatar cewa kowane mai nema yana samun mafi kyawun abin da zai iya samu a cikin dukkan tabbatattun haɗe-haɗe, daga baya aka nuna masu jira kuwa mafi munin nasu suke samu. Saboda haka zaɓen wanda zai nema ba aikin mai rubuta manhaja ba ne, hukunci ne na masu hukuma.

Na biyu, ƙarya. Dubins da Freedman a 1981 da Roth a 1982 sun nuna mai nema ba ya cin riba da ɓoye son ransa. Mai jira kuwa yana iya ci. A misalin nan, in na 1 ya ce shi sam ba ya ɗaukar A, sai A ya tafi 2, na 2 ya saki B, B ya dawo 1, asibitocin biyu sun sami abin da suke so. Roth ya kuma nuna babu wani tsari mai ba da haɗi tabbatacce da zai rufe wannan ƙofa ga ɓangarorin biyu gaba ɗaya.

Abin mamaki, likitocin Amurka sun riga takardar da shekara goma. A shekarun 1940 asibitoci sun yi ta rige-rigen ɗaukar sababbin likitoci har ta kai ana ba ɗalibi aiki saura kusan shekara biyu ya gama karatu. Da aka hana wannan, sai aka koma ba mutum 'yan sa'o'i ya amsa ko a janye. A 1952 suka kafa cibiya ɗaya mai yin rabon, kuma a 1984 Roth ya gano hanyar da suke bi daidai take da ta Gale da Shapley, asibitoci ke nema. Da ya duba Birtaniya, inda yankuna suka bi hanyoyi daban-daban, ya ga na Edinburgh da Cardiff masu ba da haɗi tabbatacce sun ɗore, na Birmingham da Newcastle kuwa an watsar da su, don mutane sun koma ƙulla magana tun kafin ranar rabo.

Ma'aurata su ne suka fi ba tsarin ciwon kai. Miji da mata duka likitoci, suna son gurbi biyu a gari ɗaya, jerinsu na biyu-biyu ne. Da zarar sun shigo, hujjar Goggo ta karye, kuma yana yiwuwa a rasa haɗi tabbatacce ko ɗaya. Gyaran da Roth da Elliott Peranson suka yi, wanda aka fara aiki da shi a 1998, ya mayar da nema hannun likitoci, yana kuma shigar da ma'aurata ɗaya bayan ɗaya yana gyara abin da suka ture. Ba shi da tabbacin nasara a takarda, amma a kasuwa mai girma kusan kullum yana samowa.

Sai asibitin karkara. Roth ya tabbatar a 1986 cewa asibitin da bai cika gurabansa ba a haɗi tabbatacce guda, to mutanen nan dai zai samu a kowane haɗi tabbatacce. Duk mai tsammanin sauya manhaja za ta kai likitoci ƙauye ya ajiye wannan tunani. Sai dai a ƙara albashi da masauki son mutane ya sauya, ko a tilasta.

A makarantu ma an gwada. Niyok ta sauya tsarin shiga sakandare a 2003, yaran da ake rasa musu wuri cikin zaɓinsu suka sauko daga kimanin 30,000 zuwa kimanin 3,000. Sai dai a lokacin an tsayar da jerin a makarantu 12, kuma duk inda aka gajarta jeri, tabbacin nan na faɗin gaskiya ya tafi: yaro zai fara lissafin kada ya ɓata gurbi a makarantar da ba zai samu ba. Ghana ma tun 2005 kwamfuta ke raba ɗalibai zuwa manyan sakandare bisa makin jarrabawa da ɗan gajeren jerin zaɓi, kuma wannan matsalar ce ke jiran duk mai cika takardar.

Ɗalibar_Lissafi:

Allah ya saka da alheri, na bi misalin ya fita daidai. Malam MaiAlli ya ambaci ƙimar Shapley a wuce. Ita ma da wannan hanyar ake fitar da ita, ko wani abu ne daban?

MaiAlli:

Daban ne, Malama, kuma a ganina ita ce babban aikinsa, ko da yake ba ita kwamitin Nobel ya sa a gaba ba. Tambayarta: mutane sun haɗu sun samu, ko sun kashe, nawa ne rabon kowa?

Hanyar ita ce a ɗauka suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. A rubuta abin da kowa ya ƙara a lokacin da ya shigo. A yi haka ga kowane jerin shigowa da zai yiwu, sannan a ɗauki matsakaici.

Misali, gonaki uku a kan magudanar ruwa ɗaya. Kai ruwa gonar A naira 600,000 ne, zuwa B 900,000, zuwa C da ke can ƙarshe 1,500,000. In an haƙa ta C, kowa ya samu. Jerin shigowa shida ne. A na biyan 600,000 ne kawai in shi ya fara, sau biyu ke nan, sauran huɗun bai ƙara komai ba: 1,200,000 a raba shida, 200,000. B na biyan 900,000 sau biyu in ya fara, 300,000 sau ɗaya in ya biyo A kafin C: 2,100,000 a raba shida, 350,000. Ragowar 950,000 na C ne. Akwai gajeriyar hanya mai ba da amsa ɗaya: zangon farko kowa na amfani da shi, a raba uku, na biyu, 300,000, B da C su raba, na ƙarshe, 600,000, C shi kaɗai. Littlechild da Owen sun fitar da wannan a 1973 don kuɗin saukar jirage, inda ƙaramin jirgi ba ya bukatar doguwar hanyar da babba ke bukata.

Abin da Shapley ya tabbatar shi ne wannan rabo kaɗai ke cika sharuɗɗan da yau ake koyarwa guda huɗu: a rabe duka ba saura, masu gudummawa iri ɗaya su sami daidai, wanda bai ƙara komai ba kada ya sami komai, kuma in an haɗa harkoki biyu rabonka ya zama jimlar rabonka a kowacce.

A 1954 shi da Shubik suka ɗora ta a kan ƙuri'a: ƙarfinka shi ne sau nawa ƙuri'arka ce ke cika adadin. Sun auna Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, lokacin yana da mambobi 11, suka sami kashi 98.7 cikin 100 a hannun biyar masu kujerar dindindin. Ki gwada da na yanzu. Mambobi 15, ana bukatar ƙuri'a tara, har da biyar ɗin. Mamba na wucin gadi ba ya zama mai cikawa sai ya zo na tara kuma biyar ɗin duk suna cikin takwas na farko. Hanyoyin zaunar da biyar a gurabe 15 su ne 3,003, a gurabe takwas kuwa 56. Wato kusan kashi 1.9 ne goman za su raba, kowa ƙasa da kashi 0.2, kowace mai dindindin kuwa kashi 19.6. Kujerar da Najeriya ta zauna sau biyar, na ƙarshe 2014 zuwa 2015, da wadda Nijar ta zauna 2020 zuwa 2021, nauyinta ke nan a wannan ma'auni: bai kai ɗaya bisa ɗari na nauyin ta Faransa ba.

Goggon_Aljabara:

Malam, a yi mini afuwa, wannan adadin yana bukatar linzami. Ma'aunin ya ɗauka kowane jeri daidai yake da ɗan'uwansa wajen yiwuwa, wato ba ƙawance ba gaba. A zahiri ƙasashen Afirka uku kan yi ƙoƙarin tsayawa wuri ɗaya, mai kujerar dindindin na iya ƙauracewa ƙuri'a ba tare da ƙudurin ya faɗi ba, kuma bakwai daga cikin goman in suka ƙi, tara ba ta cika. Dokar zaɓen yake aunawa, ba siyasar ba.

Ƙanwata, kada kuma ki ɗauka rabon Shapley kullum yana zama. Mutum ɗaya na da takalmi ƙafar hagu, mutum biyu kowanne na da ƙafar dama, cikakken takalmi naira 6,000, ƙafa ɗaya ba ta da kuɗi. Bi jeri shidan: mai hagu 4,000, sauran 1,000 kowanne. To mai hagu da ɗaya daga cikinsu 5,000 suka samu jimla, alhali su biyu kaɗai za su iya sayarwa 6,000. Za su fice su bar na ukun. Rabon da ba wanda zai fice daga cikinsa a nan shi ne mai hagu ya kwashe duka. Sharaɗin da ke nuna ko akwai irin wannan rabo, Olga Bondareva ta fitar da shi a 1963, Shapley ya same shi a nasa ɓangaren a 1967.

Sai nauyin lissafi. Mutum 20 na da rukunoni 1,048,576 da za a san darajar kowanne, mutum 30 sun haura biliyan ɗaya. Tun 1960 Shapley da Irwin Mann suka koma ɗibar jeri da ka suna ƙiyasi, da suke auna ƙarfin jihohi a zaɓen shugaban Amurka. Masu SHAP, hanyar da aka fitar a 2017 don bayyana dalilin hukuncin manhajojin koyon na'ura, su ma ƙiyasin suke yi a mafi yawan lokuta.

Saboda haka duk lokacin da kika fitar da rabo, gwada shi a kan kowane rukuni. A magudanar Malam: A da B na biyan 550,000, su kaɗai da 900,000 za su kashe. A da C 1,150,000, B da C 1,300,000, duka ƙasa da 1,500,000. Ba mai dalilin ficewa. Shapley ya nuna a 1971 cewa haka zai kasance duk lokacin da amfanin shigowar mutum ke ƙaruwa, ko aƙalla ba ya raguwa, yayin da rukunin ke girma. Takalmin bai cika wannan sharaɗi ba, don mai ƙafar dama na biyu bai ƙara ko kwabo ba.